Tafiyar Ɗauko Mota Daga Bakin Teku Zuwa Tudun Wada

Abin da ya kai ni Legas da ƙafata, maimakon in zauna a Tudun Wada in jira direba ya kawo mini mota har ƙofar gida, shi ne abin da ya sami Yayana shekarun baya. Ya sayi mota a hannun wani dila, tsaf da ita, babu ko ƙwarzane, aka haɗa masa da takardu cikin ambulan. Wata bakwai yana hawanta lafiya lau. Ranar da ya ɗauki iyalinsa za su biki Kano aka tsayar da shi a hanya, aka duba takardun fito, ashe lambar da ke jikinsu ta wata mota ce daban. Motar ta kwana a hannun hukuma, matarsa da yara suka ƙarasa a motar haya. Wayar dilan kuwa ba ta sake shiga ba. Yaya bai yi fasa-ƙwauri ba, bai ma san an yi ba, amma a kansa asarar ta ƙare. Tun ranar na ƙudurta cewa in Allah ya hore mini kuɗin mota, zan bi sawunta da idona tun daga inda aka yi gwanjonta har ranar da za a ɗaura mata lamba.

A da, mutumin Kaduna in yana son mota ta hannu Kwatano yake nufa, shi ya sa har gobe muke ce musu 'yan Kwatano ko da ba su taɓa shaƙar iskar can ba. Mutanen kudu kuma su ce tokumbo. To amma tun ranar 1 ga Janairun 2017 gwamnatin tarayya ta hana shigo da motoci ta kan iyakokin tudu, sai dai ta tashar jiragen ruwa. Duk wadda ta biyo daji bayan wannan rana, komai kyan takardar da aka manna mata, mai ita a kan siraɗi yake tafiya. Ban ce duk dilolin garinmu haka suke ba, akwai masu tsoron Allah da yawa a cikinsu. Ni ne dai wanda maciji ya sari ɗan'uwansa, in na ga tsumma sai na ja da baya.

Ina da abokin karatu tun muna Zariya, yanzu yana aikin jinya a jihar Maryland ta Amurka. Shi ya shige mini gaba wajen gwanjo a Copart, inda kamfanonin inshora ke zubar da motocin da suka yi haɗari. Mun yi kusan wata biyu muna kwana kan waya, shi da yammacinsa ni da tsakar darena, muna duba hotuna. A wurinsa na koyi cewa motar da ta daki bango ta fi wadda ruwa ya ci sau goma. Ƙarfe in ya lanƙwashe ana gani, a buge shi ko a canza. Amma wadda ambaliya ta shanye, za a wanke ta ta yi ƙyal-ƙyal, sai bayan wata uku wayoyinta su fara ciwo ɗaya bayan ɗaya, yau gilashi ya ƙi sauka, gobe giya ta ƙi shiga, rewaya ya yi ta cin kuɗinka. Ya kuma ce in riƙa neman hoton ƙarƙashin mota, domin a jihohin da ake ƙanƙara gishiri suke zuba wa titi, gishirin nan kuwa cin ƙarfe yake kamar gara.

Shi ne kuma ya koya mini karanta lambar shasi, wadda ake kira VIN. Haruffa ne da alƙaluma guda 17, ana ganin su ta ƙasan gilashin gaba ɓangaren direba, da kuma jikin ginshiƙin ƙofa. Na farko yana gaya maka ƙasar da aka ƙera motar, na goma kuma shekara. Babu harafin I ko O ko Q a ciki, don kada a rikita su da 1 da 0. Wadda muka tsayar, Toyota Corolla ce, lambarta ta fara da 2, wato a Kanada aka haɗa ta, na goma kuma F, wato ta 2015. Shekarar tana da muhimmanci, saboda ƙa'idar da ake bi a lokacin ita ce kada mota ta wuce shekara 12 da ƙerawa. Sitiyarinta na hagu ne, kamar yadda doka ta tanada tun da Najeriya ta koma tuƙi ta hannun dama a 1972. Shi ya sa kasuwar Amurka ta fi mana ta Ingila. Dukan da ta sha a gaba ne ta hannun dama: bamba, fitila ɗaya da madigadi. Balan-balan ɗin sitiyari bai fashe ba.

Muka ci gwanjo a ƙarshen Disamban 2023. Na yi murna ranar kamar motar ta iso, ashe ko rabin hanya ban kai ba. Bayan kuɗin gwanjo akwai ladan kamfanin gwanjon, akwai kuɗin babbar motar da za ta ja ta zuwa tashar Baltimore, akwai kuɗin jirgi. Na zaɓi irin jirgin da ake tuƙa mota a shiga cikinsa a kuma tuƙo ta a fito, wanda ake kira roro, domin ya fi kwantena sauƙi, sai dai ba a yarda ka cusa kaya a cikin motar ba. Tana bisa ruwa naira ta sake faɗuwa. Farashin dalar da ake lissafa kuɗin fito da shi ya tashi daga naira 900 da wani abu zuwa sama da 1,300 a farkon Fabrairun 2024, kuma bai tsaya nan ba. Lissafin da na yi a littafina ya rushe cikin kwana biyu. Sai da na sayar da babur ɗina, maiɗakina kuma ta ɗebo kuɗin adashinta ta ba ni ba tare da na roƙa ba.

Ranar tafiya na je yi wa Baba sallama. Tsohon ma'aikacin gwamnati ne, wanda ya karɓi Fijo 504 sabuwa dal da bashin mota na ofis, da ledarta a kujeru, haɗin kamfanin da ke nan Kakuri wanda ya fara aiki a 1975. Ya saurare ni har na gama bayanin jirgi da dala, sannan ya ce, "Wato sai ka je bakin teku ka ɗauko wadda wani ya gama yayinta." Ba da izgili ya faɗa ba, da jimami ne, irin na wanda ya ga lokacin da ake fito da mota sabuwa daga unguwar da ke bayan gidansa. Ya yi mini addu'a, ya ce kada in yi tafiyar dare a dawowa ko da za a ba ni kyautar wata motar.

Na shiga doguwar bas a garejin Legas da ke Mando. Fasinjojin rabi 'yan kasuwa ne, da ɗalibai, da wasu samari uku masu zuwa ci-rani da buhunansu. Tafiyar zuwa ba ta da wani labari, sanyin hunturu ne da ciwon gwiwa da tsayuwar cin abinci a Lakwaja. Abin da na riƙe kawai shi ne yadda gari ke canzawa in ka farka: ka yi barci cikin ƙura da busasshiyar ciyawa, ka buɗe ido cikin kore shar da itatuwan kwakwar manja, iska ta yi nauyi, riga ta fara manne maka a baya. Sama da kilomita 900 ke nan tsakaninka da gida.

A Agege na sauka, wajen Kawuna da ke harkar albasa a kasuwar Mile 12 fiye da shekara ashirin. Wanda bai taɓa zuwa Agege ba zai yi mamakin yadda za ka yini ba ka yi wani yare ba sai Hausa: mai shayi, mai wankin hula, ladan, mai tsire, duk namu ne. Bayan sallar isha'i Kawu ya ce in fito da takardun ya gani. Ba ya karanta Turanci sosai, amma mutum ne da ya san sharrin takarda. Ya ce, "Ɗana, karanto mini lambar nan da kake ta magana a kai, ni kuma in bi ta hoton da ke wayarka." Na ɗauki takardar jirgi, wadda ke nuna kayan da aka ɗauko da mai su, ina karantowa yana bin hoton gilashin motar da yatsa. Mun zo kusan ƙarshe ya ce in tsaya. A takarda 47 ne, a jikin mota 74.

Gabana ya yanke ya faɗi. Takardar nan ta yi sati uku a wayata, na buɗe ta ya fi sau ashirin, amma sunana da sunan jirgi kawai nake dubawa. Wanda ya cike ta can Amurka ne ya juya alƙaluma biyu. Daren nan ban runtsa ba, fuskar Yaya kawai nake gani ranar da ya dawo gida a ƙafa.

Da asuba muka kama hanyar Apapa. Ofishin ejan ɗina, wato mai yi mini aikin fito da motar daga tasha, ɗaki ɗaya ne a saman wani tsohon bene, da fanka da injin buga takarda da tulin fayil. Yaron ofishin da na fara nuna wa ya ɗaga kafaɗa ya ce alƙaluma biyu ne kawai, za a san yadda za a yi motar ta fita, gyara zai ci kwanaki kuma kuɗin ajiya na hawa kullum. Na ce masa ko wata za a yi, a gyara. Da maigidansa ya iso, dattijo ne Bayarabe mai jin Hausa rangaɗaɗau saboda ya yi zaman Kano, ya kalli takardar ya kalli hoton, ya ce, "Malam, gaskiyarka. In ta fita da wannan lambar, motar da ka biya wa fito daban, wadda kake hawa daban." Nan take ya rubuta wa kamfanin jirgin neman gyara, ni kuma na tashi abokina daga barci don wanda ya yi kuskuren ya aika da tasa shaidar daga can.

Kwana huɗu gyaran ya ci, kuma a kwanakin nan ne na fahimci yadda ake lissafin fito, don kullum ina zaune a ofishin. Tun 2022 hukumar kwastan ta koma kimanta mota da lambar shasi. Ba ruwan kwamfuta da abin da ka biya a gwanjo. Ana shigar da lambar, ta gane irin motar da shekararta, ta fitar da ƙimar da aka yanka mata. A 2024 da na je, a kan wannan ƙima ake ɗora kuɗin fito kashi 20 cikin ɗari, da wani haraji na kashi 15 da ake sa wa motocin hannu, da harajin VAT kashi 7.5, da wasu ƙanana. Kafin nan sai an shigar da motar rajistar motoci ta ƙasa da ake kira Vreg. A banki ake biya, ba a hannun mutum ba, kuma na nace sai da na bi yaron har bankin na karɓi rasit da hannuna. Bayan na kwastan akwai na kamfanin jirgi, akwai na masu filin da motar ke ajiye, waɗanda ke ba da 'yan kwanaki kyauta sannan su fara ƙirga na kullum. Da na tattara komai a littafina, kuɗin da muka biya a gwanjo bai kai rabin abin da motar ta ci ba.

Wata rana da zaman ya ishe ni na je kasuwar motoci ta Berger da ke kan hanyar Apapa zuwa Oshodi. Motoci ne iya ganinka, an wanke an jera, masu kiran ciniki suna jan hannun riga. Na tambayi kuɗin irin tawa. Bambancin bai kai yadda na zata ba, in ka cire wahala da zullumi. Wanda zai shigo da mota da kansa don neman araha kawai, ina ganin ya sake lissafi. Ribar da na gani ita ce na san tarihinta, na ga hotonta kafin a taɓa ta da guduma, na san mil nawa ta yi da gaske, domin mayar da agogon mota baya ba wani aiki ba ne a wajen masu yi.

Ranar da aka kammala duba ta aka ba da izinin fita, na tsaya a bakin ƙofar tashar ta wajen Tin Can tun hantsi. Manyan motoci sun yi layi, warin teku da na baƙin mai sun cika wuri, ga jirgin ruwa can ya tokare sama kamar an ɗora unguwa guda a kan ruwa. Wajen la'asar na hango ta tana fitowa, ta yi butu-butu da ƙura, an yi rubutu da farin alli a gilashinta, bamba a ɗaure da waya. Ban duba fenti ba, ban buɗe ciki ba. Gilashin gaba na nufa na share ƙurar da gefen hannuna, na fito da takardar kwastan mai ɗauke da lambar da ake kira C-number, na bi haruffan nan 17 ɗaya bayan ɗaya. Suka dace. Sai a lokacin na ji ƙafafuna sun yi sanyi, na jingina da ita na yi hamdala.

Kwana ɗaya muka ba bakanike. Ya juye baƙin mai, ya duba birki da ruwan lagireto, ya sa sabon batir, ya ɗaura fitilar wucin gadi. Na sa ya shiga ƙarƙashi ya tabbatar mini tukunyar salansa da makanikai ke kira indomi tana nan, domin ana yanke ta a sayar saboda ƙarafa masu tsada da ke cikinta. Tana nan. Tayoyi biyu ne suka tsufa, na gane daga alƙaluma huɗun da ke gefensu masu nuna sati da shekarar da aka yi su, na canza. Kawu ya haɗa ni da wani direba ɗan Funtuwa wanda aikinsa ke nan, kai motoci arewa da lambar dila. Na yi hoton kowace takarda kashi uku: ɗaya a mota, ɗaya a jakata, ɗaya na bar wa Kawu. Na asalin kuwa a cikin rigata suka yi tafiyar.

Muka bar Agege bayan sallar asuba, muka hau babban titin Badun kafin gari ya cushe. Direban mutum ne mai ƙarancin magana, amma ya san hanyar kamar tafin hannunsa, ya san ramin da ke bayan kowace kwana. Agogon motar da mil yake ƙirga, sai ya ce in riƙa tuna cewa in allura ta nuna 60, muna dab da kilomita 100 ne. Daga Badun muka yi gabas, ta mahaɗar Ife, Ilesha, Akure, Owo. Mata na ɗaga ayaba da doya da kwalaben manja a bakin titi. Mota mai alli a gilashi da lambar dila ba ta ɓuya, kowane shinge sai an nuna mana gefe. Ban ƙirga ba, amma sun fi ƙarfin yatsun hannu biyu.

A nan na ga amfanin kwana huɗun da na yi asara. A wani shinge bayan Owo wani jami'i ya karɓi takardun, ya je gilashi ya duba, ya buɗe ƙofa ya duba ta jikin ginshiƙi, ya koma motarsu ya daɗe yana danna waya. Akwai wata jif a gefe da aka tsayar tun kafin mu zo, mai ita yana ta kiran waya yana share gumi. Jami'in ya dawo ya miƙo mini ambulan ɗina ya ce mu sauka lafiya. Na ce, "Na gode, Yallaɓai." Muka wuce muka bar mai jif a nan. Ban san laifinsa ba, wataƙila ma shi ma wani ne ya cuce shi. Na daɗe ina waiwayensa ta madubi.

Muka ratsa duwatsun Okene da yamma, muka isa Lakwaja kafin magariba, a nan muka kwana saboda maganar Baba. Mun ci soyayyen kifi a bakin hanya, muka haɗa sallolinmu muka yi ƙasaru. Da safe muka hau gadar Murtala Muhammed da ke kan kogin Kwara kafin Koton Ƙarfe. Hazo ya kwanta a kan ruwan, masunta a cikin kwalekwale kamar an zana su. Daga nan iska ta fara bushewa, leɓe ya fara tsagewa, na san an doshi gida. Abaji, Gwagwalada, Zuba, sai dutsen Zuma ya bayyana.

Hanyar Abuja zuwa Kaduna ita ce guntuwa a tafiyar, amma ita ta fi nauyi a zuciya. A lokacin, aikin gyaranta da aka fara tun 2018 bai ƙare ba, sai a haɗe motoci a hannu ɗaya, ga tireloli ga ƙura. Da muka wuce Jere muka doshi Katari da Rijana, direban ya kashe rediyo, ni ma bakina bai daina motsi ba. Duk ɗan Kaduna ya san abin da sunayen nan suke tuna masa, wato masu garkuwa da mutane. Akwai jami'an tsaro jefi-jefi, kuma lafiya muka wuce. Kafin Kakau na hango sabon kamfanin haɗa Fijo da Ɗangote ke da hannu a ciki, na tuna Baba. Da azahar muka shigo ta Gonin Gora, muka bi ta baifas zuwa Tudun Wada. Yara suka bi motar da gudu har ƙofar gida, duk da bambarta a ɗaure take da waya.

Sati guda ta yi tsakanin Panteka da Ori Apata. Bamba da fitila na hannu na saya, mai bugun ƙarfe ya miƙar da madigadi, mai fenti ya haɗa kala har ba ka gane inda aka taɓa. Bakanikena ya so ya cire abin da ke daidaita zafin inji, wai an yi shi ne don ƙasar sanyi, ya kuma zuba ruwan famfo a lagireto. Na hana. Injin da aka ƙera ya yi aiki a wani mataki na zafi, in ka hana shi kaiwa wurin mai zai riƙa sha, da man nan da ya yi tsada tun da aka cire tallafi a Mayun 2023. Na kuma ja masa kunne kan man giya, domin irin giyar da ke cikinta, wadda ake kira CVT, ba ta shan kowane mai sai nata.

Saura lamba. Rajistar mota a jihar nan tana ƙarƙashin hukumar tara kuɗin shiga ta jiha, KADIRS, lambar kanta kuma hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa ce ke buga ta, ta kuma ajiye bayanan a rumbunta. Tun kafin in kashe mota a bakin ofishin wasu samari suka kewaye ni, kowa na cewa in kawo takardu in koma gida, zuwa jibi a kawo mini komai. Ta irin wannan hanya ce mutum ke samun lambar da ba ta cikin kwamfutar kowa, ko takardar inshorar da aka buga a shagon hoto. Na ba su haƙuri na shiga da kaina.

Abin da aka nema ba shi da yawa ga wanda ya shirya: takardun kwastan da rasit ɗin banki, lambar zama ɗan ƙasa ta NIN, lasin tuƙi, hotuna, adireshi da lambar waya. Aka cike fom a kwamfuta, aka ba ni takardar biya na kai banki. Sai jami'in duba lafiyar mota ya fito da ni waje, ya sa na buɗe bonet, ya duba lambar inji da ta shasi ya gwada da takarda, ya sa na kunna fitilu da sigina, na taka birki, na danna ham. Ya tambayi abin kashe gobara da alamar tsayawa mai kusurwa uku da safaya da jak, duk na nuna masa. Da ya zo kan lambar shasi ya bi ta da bakin biro a hankali, sai na ji ina son in ba shi labarin daren Agege, amma layi na bayana.

Inshora na yi mafi ƙaranci da doka ta wajabta, wadda ke biyan ɓarnar da ka yi wa wani. Tun Janairun 2023 kuɗinta ya tashi daga naira 5,000 zuwa 15,000, abin da take biya kuma ya kai naira miliyan 3. Mutane da yawa suna ɗaukarta takardar nuna wa jami'i ce kawai, alhali ranar da ka daki motar wani ita ce za ta tsaya maka, in ta gaske ce. A ofishin kamfanin na biya, kuma ban tashi ba sai da na ga sunana ya fito a rumbun bayanan inshora na ƙasa ta wayata. A ƙarshe na haɗa lasin mota, da shaidar mallaka, da shaidar lafiyar mota, da ta inshora. Kusan dukkansu na shekara guda ne, na rubuta ranar ƙarewarsu a bangon littafina don kada 'yan KASTLEA, jami'an kula da dokokin hanya na jiha, su riga ni tunawa.

Lambar ta fito bayan 'yan kwanaki, fara mai shuɗin rubutu irin ta motar gida, da haruffan MKA a farko, wato Makera, hedikwatar ƙaramar hukumarmu ta Kaduna ta Kudu. Na shigar da ita a shafin hukumar kiyaye haɗurra, ta nuna Toyota Corolla. Wani yaro mai sukundireba a bakin ofishin ya ɗaura mini gaba da baya, na sa ya ƙara ƙusa ta ribit don kada a kwance.

Ranar Juma'a na ɗauki Baba zuwa masallacin Sultan Bello. Ya buɗe ƙofa ya rufe sau biyu yana sauraren ƙararta, ya shafa kujera, bai ce komai ba. A dawowa ya ce in bi da shi ta Kakuri. Muka wuce masaƙun da suka daɗe da yin shiru, muka zo daidai ƙofar kamfanin da ya karɓi motarsa, ya ce in rage gudu. Ya nuna mini inda ake jera su a da, sababbi, farare da masu ruwan toka, har ido ya gaji. Ya daɗe yana kallo sannan ya ce mu tafi.

Da muka isa gida Yaya na zaune a dakali. Baba ya ce in kawo ambulan ɗin, ya miƙa masa ya ce, "Karanta wa ƙaninka lambar nan mu ji." Na tsaya a jikin gilashi na sa yatsa, Yaya yana karantowa da ƙarfi ina amsawa, harafi bayan harafi, har muka zo kan 74 muka wuce. Ya ninke takardar yadda take, ya mayar cikin ambulan, ya danne bakinta da babban yatsa. Sannan ya miƙo hannu ya ce in ba shi makulli ya zaga da ita zuwa Kasuwar Barci ya dawo.